Saƙonnin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a ciwon damuwa da maganinsa

Ciwon damuwa mai tsanani da ciwon sauyin yanayi mai fuska biyu cututtuka ne da suke da alaƙa da yadda ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suke isar wa juna saƙo. A na farko mutum yakan shafe aƙalla mako 2 cikin baƙin ciki da rashin sha'awar komai. A na biyu kuwa baƙin cikin yakan yi karɓa-karɓa da zumuɗi mai wuce kima da ƙarancin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 280 ne suke fama da na farko, miliyan 40 kuma da na biyu.

Yadda saƙo yake tafiya

Tsakanin ƙwayar jijiya da maƙwabciyarta akwai ɗan siririn gibi. Ƙwayar farko takan saki sinadarai irin su serotonin da noradirenalin da dofamin, su ƙetara gibin su manne wa makarɓa a jikin ta biyu. Daga nan sai makarɓar ta tayar da furotin G, shi kuma ya sauya yawan wani ɗan aike na cikin ƙwaya mai suna cAMP. Saƙon yakan kai har cibiyar ƙwayar, inda yake shafar samar da furotin irin su BDNF, wanda yake taimaka wa jijiyoyi su yi sababbin rassa. Doguwar fargaba tana ɗaga sinadarin kotisol, kuma binciken da aka yi a kan dabbobi ya nuna hakan yana rage BDNF.

Tarihi

A 1949 likita John Cade na Ostareliya ya nuna cewa litiyam yana kwantar da zumuɗi. A 1957 Roland Kuhn na Suwizalan ya bayyana amfanin imifiramin ga masu damuwa. A 1965 Joseph Schildkraut ya kawo ra'ayin cewa ƙarancin noradirenalin ne tushen ciwon. Masana a yau suna ganin bayanin ƙarancin sinadari bai wadatar ba, domin magani yana ƙara sinadarin cikin sa'o'i, amma sauƙi ba ya zuwa sai bayan makonni. Wannan jinkiri ne ya karkata bincike zuwa sauye-sauyen cikin ƙwaya. Gado da halin rayuwa su ma suna da hannu.

Magunguna

Amitiriptilin yana hana ƙwaya sake tsotse serotonin da noradirenalin, don haka sukan daɗe a gibin. Fuluoksetin, wanda Amurka ta amince da shi a 1987 da sunan Prozac, ya fi mayar da hankali kan serotonin. Litiyam a cikin ƙwaya yake aiki, yana danne GSK-3 da kuma sarrafa inositol. Ketamin yana toshe makarɓar NMDA, kuma tasirinsa yakan bayyana cikin sa'o'i.

Kowanne yana da haɗarinsa. Maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da zumuɗi ga mai ciwon fuska biyu. Litiyam yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, saboda ƙoda da maƙoƙo. Rashin ruwa a jiki, kamar a zafin bazara ko lokacin azumi, yana iya tara shi a jini har ya zama guba. Balfurowet kuma yana cutar da ɗan tayi.

A jihar Kano

A karkara irin ta Bagwai, iyalai da dama sukan danganta alamomin da iska ko sammu, su fara da ruƙiyya ko maganin gargajiya kafin asibiti. Ana duba masu waɗannan cututtuka a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke kan hanyar Katsina, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wata matsala da likitoci suke fuskanta ita ce daina shan magani da wuri, ko don ba a ga sauƙi nan take ba, ko don an ji an warke, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi. A Janairun 2023 aka sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin majiyyata.