Wayar tauraron ɗan'adam: Abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya saya

Muddin matafiyi yana kan babban titin da ya ratsa Aliero, Jega da Maiyama a Jihar Kebbi, da wuya wayarsa ta ba shi kunya. Matsalar takan fara ne idan ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan ciki, irin na ɓangaren Katanga, domin ƙarfin sabis ya danganta ne ga kusancin mutum da turken sadarwa. Idan turken ya yi nisa, ko man janaretansa ya ƙare, ko hukuma ta ba da umarnin kashe shi, wayar hannu ta zama tocila da agogo.

Wannan ya sa 'yan jarida, ma'aikatan lafiya, masu sa ido kan zaɓe da manyan dillalan albasa ke yawan tambaya game da wayar tauraron ɗan'adam, wadda jama'a suka fi sani da sunan Turaya. Amfaninta babba ne, amma zaɓenta na buƙatar sanin abu uku: inda za a je, abin da hukuma ta ce, da kuma wanda za a kira.

Yadda take aiki

Wayar salula tana aika murya zuwa turke mafi kusa. Ita kuwa wannan tana aikawa ne kai-tsaye zuwa tauraron da ke sararin samaniya, shi kuma ya sauke kiran a wata tashar ƙasa, daga nan ya shiga layukan da aka saba. Saboda haka ba ruwanta da turakun MTN, Airtel ko Glo.

Sharaɗinta ɗaya ne: eriyarta ta ga sarari. A cikin ɗaki mai rufin kwano, ko ƙarƙashin duhuwar itatuwa, ko cikin mota, kira yakan ƙi shiga sai an haɗa mata eriyar waje. Hadari da ruwan sama ba su cika hana ta aiki ba, amma bango da tudu suna hanawa.

Dalilin da ya sa ake maganarta a Arewa

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe turakunsu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, da nufin karya lagon 'yan bindiga. Ba a jima ba matakin ya faɗaɗa zuwa ƙananan hukumomi 13 a Katsina, 14 a Sakkwato, da wasu sassan Kaduna. Umarnin farko na mako biyu ne, amma a wurare da dama an shafe watanni. Masu POS sun rufe shaguna, mutane sun riƙa biyan kuɗin mota zuwa wata jiha don kiran waya ɗaya, ƙauyen da aka kai wa hari kuma ya rasa hanyar neman ɗauki.

Kebbi tana iyaka da Zamfara da Sakkwato, ta kuma ɗanɗana nata tashin hankalin: sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, da harin Lakurawa a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a watan Nuwamban 2024. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Manyan kamfanoni uku

Thuraya kamfani ne na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an kafa shi a 1997. Sunan na Larabci ne, yana nufin tarin taurarin da Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta. Tauraronsa da ke kula da Afirka yana can nisan kusan kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya, yana juyawa daidai da juyawar ƙasa, don haka ga wanda ke ƙasa tamkar a tsaye yake wuri guda. Mai kira daga Jega zai fuskanci gabas, ya ɗan karkata kudu kaɗan, ya ɗaga eriya zuwa kusan rabin tazarar da ke tsakanin doron ƙasa da tsakar ka. Wayoyinsa sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin samu a Afirka ta Yamma, wasunsu kuma suna ɗaukar layi biyu, na tauraro da na salula. Ba ya aiki a nahiyar Amurka.

Inmarsat an kafa shi a 1979 domin jiragen ruwa, cibiyarsa na Landan, kamfanin Viasat na Amurka ya saye shi a 2023. Shi ma taurarinsa masu tsayuwa wuri guda ne. Wayarsa IsatPhone 2 ta yi suna wajen ƙarfin batir: kamfanin ya ce tana kai awa 8 ana magana, awa 160 kuma tana jiran kira. Ga wanda zai kwana uku a inda babu lantarki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Iridium na Amurka ne, tsarinsa kuma daban. Yana da taurari 66 da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 780, suna miƙa wa juna kira. Ya game duniya baki ɗaya, ba ya buƙatar a fuskanci wata kusurwa, jinkirin murya kuma kaɗan ne saboda kusanci. Sai dai da yake taurarin wucewa suke yi, kira kan yanke idan wanda ake amfani da shi ya faɗa bayan gini ko dutse. Shi ne mafi tsada, batirinsa kuma bai kai na Inmarsat ba.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta tsakiyar Kebbi, inda sarari yake buɗe, Thuraya ko Inmarsat sun wadatar. Iridium ya fi dacewa da wanda tafiyarsa ke ƙetare nahiyoyi ko shiga tsakanin duwatsu. Wanda saƙo kaɗai yake buƙata yana iya duba ƙananan na'urori irin su Garmin inReach, masu aika rubutu da alamar wurin da mutum yake ta hanyar Iridium. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, intanet ne mai buƙatar faranti da wuta, ya fi dacewa da ofis ko asibiti.

Kuɗin da ba a gani a farko

Farashin wayar yakan fara daga ɗaruruwan daloli, wasu su haura dala dubu, saboda haka duk faɗuwar naira tana ƙara mata tsada. Kira da minti ake lissafa shi, shi ma da dala. Katin da ake sa mata yana da wa'adi: idan ya ƙare ba a sabunta ba, ragowar kuɗin kan ƙone, wani lokaci har layin ya mutu. Kiran wayar tauraro daga wayar salula kuwa yana lashe kati cikin ƙanƙanen lokaci, shi ya sa ya fi kyau mai ita ya riƙa kiran gida da kansa. Ga tafiyar mako ɗaya ko biyu, haya ta fi saye.

Doka da zargi

Nan ne hatsarin ya fi yawa. A watan Yunin 2013, bayan dokar ta-ɓaci da katse layukan salula a Arewa maso Gabas, rundunar haɗin gwiwa ta haramta amfani da wayar Thuraya da sayar da katinta a Jihar Borno, tana mai cewa mayaƙan Boko Haram na amfani da ita wajen tsara hare-hare. Tun daga lokacin sunan wayar ya haɗu da zargi a idon jami'an tsaro. Matashin da aka samu da ita a shingen bincike, ba rasit ba takarda, zai iya shafe kwanaki yana bayani.

Don haka a saya daga dillali mai rajista, a tabbatar samfurin yana cikin waɗanda NCC ta amince da su kamar yadda Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanada, a riƙe rasit da katin shaida da wasiƙar wurin aiki, a kuma binciki umarnin da ke aiki a yankin kafin a tashi. Ƙetare iyaka zuwa Nijar ko Benin na buƙatar sabon bincike, domin kowace ƙasa da dokarta. Indiya, alal misali, tana kama baƙin da suka shiga da Thuraya ko Iridium ba izini.

Haka nan wayar ba ta da sirrin da ake zato. Siginarta mai ƙarfi ce, masu kayan aiki na iya gano inda take fitowa. An kashe 'yar jarida Marie Colvin a birnin Homs na Siriya a ranar 22 ga Fabrairu, 2012, kuma a 2019 wata kotun Amurka ta ɗora alhakin kisan a kan gwamnatin ƙasar, bayan shaidun da suka haɗa da bin sawun siginar tauraron da 'yan jaridar ke aika rahoto da ita. Idan kuma 'yan bindiga suka ga wayar a hannun matafiyi, ko dai su ɗauke shi mai kuɗi ko ɗan leƙen asiri. Gajeren kira, barin wurin bayan an gama, da rashin nuna ta a bainar jama'a su ne ƙa'idar masu aiki da ita.

Wa zai ɗauka?

Akwai abin da masu saye kan manta. Ranar da aka rufe turaku, wayar tauraro za ta fita, amma DPO da hakimi da direban motar asibitin da ke yankin duk wayar salula ke hannunsu, ba za a same su ba. Lambar gaggawa ta 112 ma ba lallai ta shiga ta wannan hanya ba. Dole matafiyi ya ajiye amintaccen mutum a garin da sabis ke aiki, kamar Birnin Kebbi ko Abuja, su tsayar da lokutan kira, su amince da matakin da za a ɗauka idan an ji shiru. A adana lambobi da +234 a farko, a gwada wayar a fili kafin tafiya, a tafi da ƙarin batir ko cajar sola.

Wannan waya mafita ce ga mutum ɗaya mai hali. Manomin albasa a Aliero da ungozoma a ƙauyen Maiyama ba za su iya sayenta ba. Dokar 2003 ɗin nan ta kafa asusun USPF musamman domin kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. Mazaɓu nawa ne a Kebbi asusun ya kai wa turke, kuma wace doka ce ke iyakance tsawon lokacin da gwamnati za ta iya rufe layukan jama'a? Waɗannan tambayoyi ne da ya dace a yi wa duk mai neman ƙuri'a a Jega, Aliero da Maiyama.