Yadda Aka Fara Ba da Rata a Tseren Mota na Gajeren Zango

Tseren mota biyu a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402, ya samo asali ne a kudancin Kalifoniya ta Amurka. A 1950 aka buɗe filin Santa Ana a kan titin saukar jiragen sama, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don raba matasa da tsere a titunan gari. Ba a jima ba matsala ta fito fili: wanda ya fi zuba kuɗi a inji shi ke cin tsere.

Maganin farko shi ne rata. Sai a matsar da mota mai rauni gaba da tsawon mota biyu ko uku, mai tuta ya ba da alama, a tashi. Ƙiyasi ne na ido, ba ya rasa gardama. A gasar ƙasa ta 1963 a Indiyanafolis aka maye gurbin mai tuta da sandar fitilu, daga nan rata ta koma ta lokaci, don ana iya kunna wa kowane layi fitilarsa daban. Zuwa shekarun 1970 tsarin ya zauna. Kowane direba zai rubuta a gilashinsa, galibi da farin man goge takalmi, lokacin da yake ganin motarsa za ta yi. Idan ɗaya ya rubuta sakan 14, ɗaya 10, na farkon zai tashi da ratar sakan 4. Wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi, ko da shi ya riga isa.

A takarda an yi adalci, amma direban mota mara gudu ya gaji wahala biyu. Tunda shi ke fara tashi, shi ke fara shiga haɗarin jar fitila, wato tashi kafin lokaci, kuma a tsohuwar doka wanda ya fara yin riga malam masallaci shi ya faɗi, ko da abokin karawarsa ya fi shi yin wuri. Ta biyun ta fi tsanani. Mai gudu yana hango abokin karawarsa a gabansa tun daga tashi, yana auna inda zai sassauta totur. Shi kuwa na gaba sai ya waiga ta kafaɗa, da hular kwano a kansa, ya ƙiyasta motar da ke taso masa da gudun da ya ɗara nasa nesa, ya yanke shawarar taka birki ko ci gaba cikin ƙiftawar ido. Ga iska, wadda ta fi taɓa motar da ta fi daɗewa a hanya.

An rage matsalar jar fitila da na'urar TruSTART ta kamfanin Compulink, wadda ke jira motocin biyu su tashi kafin ta kama wanda laifinsa ya fi girma. Ba kowace gasa ce ta karɓe ta ba.