Yadda Aka Binciki Sanƙarau a Zariya

Tun shekarar 1905, sa'ad da aka fara rubuta labarin annobar sanƙarau a Nijeriya ta Arewa, mutane sun san halinta sarai. Takan sauko da rani, ta yi tsanani da bazara, ta ɗebi yara da samari, wani ma ya kwana lafiya kashegari a kai shi kushewa. Amma da ruwan fari ya sauka, sai ta janye kamar an kore ta. Dalilin wannan shi ne abin da ya gagari kowa, har likitoci.

Ita ƙwayar cutar an riga an gano ta. Wani masani a birnin Biyena, Weichselbaum, shi ya fara ware ta daga jikin majinyata a 1887. A 1963 kuma wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana ƙasashen da annobar ta fi addaba, watau waɗanda ke kudu da Hamada, har da ƙasar Hausa. To, amma sanin maƙiyi daban, sanin ƙofar da yake shigowa daban.

Da aka buɗe makarantar koyon aikin likita a Jami'ar Ahmadu Bello, sai wani Bature, Likita Brian Greenwood, ya zo Zariya a 1970, ya yi shekara goma. Shi da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, ba su tsaya ga majinyatan asibiti kaɗai ba. Suka shiga ƙauyukan ƙasar Malumfashi suna lakato majina daga maƙogwaron masu lafiya, rani da damina, suna dubawa. Aiki ne mai gundura, ba mai yi sai mai haƙuri. Abin mamaki, sai suka tarar ƙwayar tana nan a maƙogwaron mutane da dama, tana yawo daga wannan zuwa wancan ko da damina, ba ta kuwa kayar da su. Daga nan suka kawo hujja cewa busasshiyar iska da ƙura da zafi su ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sa'an nan ƙwayar ta sami hanyar shiga jini, ta hau zuwa rigar ƙwaƙwalwa. Ashe damina ba kashe ta take yi ba, ƙofa kawai take rufe mata.

Har ila yau a Zariya aka gwada yin allura guda ta wani magani da aka kwaɓa da mai, wanda ke daɗewa a jiki, aka buga sakamakon a 1979. Amfanin wannan ba kaɗan ba ne, domin a lokacin annoba malamin asibitin ƙauye ba shi da halin bin majinyaci da allura dare da rana.

Duk da haka annobar ta komo a 1996, ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya. Sai a Disamba 2010 aka fara sabuwar allurar rigakafin nau'in da ya fi ɓarna a lokacin, a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Nijeriya a 2011.