Sunan Agege: Daga Huhun Goro Zuwa Gaban Riga

Duk mai bin hanyar Pen Cinema ko Dopemu a 'yan shekarun nan ya san rigunan da zan yi magana a kansu. Tishat ce baƙa ko fara, an buga mata Eko ko Lasgidi a ƙirji, wata kuma Agege ɓaro-ɓaro, da zanen motar danfo ruwan ɗorawa mai baƙin layi biyu. 'Ya'yan Yarbawa na sawa, namu ma na sawa, har ka ga yaro ya zo sallar Magariba da ita a ƙarƙashin jallabiya. Dattawa da yawa suna ɗaukar abin shirmen zamani ne kawai. Ni kuwa a matsayina na ɗan kasuwa, abin da na gani shi ne an mai da sunan gari haja, kuma ba yau aka fara sayar da sunan Agege ba. Karo na uku ke nan, kuma a karon farko kakanninmu ne dillalai.

Bari mu fara da na yanzu. Wajen 2017 wata rawa ta ɓulla da ake kira shaku shaku, wadda masu bin harkar suka haɗu a kan cewa daga lungunan Agege ta fito. A lokacin ne kuma Small Doctor, yaron Dopemu, ya yi tashe, har yana cika filin wasa na Agege da jama'a a bikinsa na ƙarshen shekara. Shekara ta zagayo, a 2018 mawaƙi Zlatan, wanda ya tashi a Ikorodu, ya fito da rawar ƙafa mai suna zanku, ita ma da yawa suna danganta tushenta da samarin titin Agege. Daga sunan wannan rawa ya yanko wa kamfaninsa na tufafi suna, wato ZTTW, ma'ana a kai zanku duniya. Ba shi kaɗai ba ne. Tun 2012 wasu samari suka kafa WAFFLESNCREAM, suna sayar da riguna da kayan wasan allon taya, a 2018 kuma aka fara kasuwar shekara-shekara ta Street Souk, inda masu irin waɗannan riguna ke baje kolinsu a watan Disamba, mawaƙa na zuwa, matasa na tururuwa. To amma ku lura da inda shagunan suke. Suna can tsibiri, su Lekki da kewaye. Rawar daga nan ta tashi, cinikin a can ake yi.

Yanzu mu koma baya. Agege ƙasar Awori ce, ƙauye ne a cikin kurmi kafin jirgin ƙasa. An fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya isa Badun a 1901, ya kai Kano wajen 1911 zuwa 1912, kuma Agege ta samu tasha a kan wannan layi. A daidai wannan zamani wasu attajiran Ikko suka fito suka buɗe manyan gonaki a nan, fitaccensu shi ne Jacob Kehinde Coker da ke da gonaki a Ifako, har suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Da koko suka fara. Daga baya goro ya karɓe filin, irin goron nan na Gwanja da Bahaushe ke so, wanda da can sai fatake sun yi watanni a hanya da jakuna zuwa Salaga kafin su samo shi. Ko Alhaji Alhasan Ɗantata a farkon kasuwancinsa ta teku yake ɗauko goro daga ƙasar Gana ya sauke a Ikko. Da aka gane goron zai yi a ƙasar Agege da Ota da Ifo da Shagamu, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Abin da ya kafa Zango ke nan. Manomi Bayarabe ne, matansu ke ɓare goron su wanke, amma mai zaɓe, mai ɗaure huhu da ganye yadda zai kai Kano ko Nguru bai bushe ba, mai masauki da ke ba baƙo ɗaki ya tsaya masa a kan bashi, duk Hausawa ne. Aikin ɗaurin huhu ba ƙaramin ilimi ba ne, goro ɗaya mai tsutsa zai iya lalata dubu, kuma amana ce ke tafiyar da kasuwar tunda babu waya babu banki. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba a Sakkwato ya san sunan Agege, saboda daga can goron ɗaurin aurensa ya zo. Kun ga karo na farko.

Karo na biyu burodi ne, kuma wannan ba sai na tsaya ba. Ana danganta asalinsa da wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, da ya zo aikin jirgin ƙasa ya koma gasa burodi a Ebute Metta. Daga baya gidajen burodin wannan yanki suka yi fice da shi har sunan ya manne. Yau ana gasa burodin Agege a Landan da Amurka, ba tare da ko kwabo ya shigo Agege ba.

To ina riga ta shigo cikin labarin? Mutanen Ikko sun daɗe da sanin cewa tufa magana take yi. Tun wajen shekarun 1920 al'adar aso ebi ta yi ƙarfi a garin, wato dangi ko ƙungiya su yanki yadi iri ɗaya ranar biki don a san su waye nasu. Kalmar ashobi da matanmu ke faɗa har a Kano da Zariya, ai ita ce, daga nan ta hau jirgi ta tafi Arewa, kamar yadda goro ya tafi. Kuma ba a raba ashobi da kiɗa. A bikin owambe mawaƙi na kan dandamali, yana kiran sunan mai biki da unguwarsu da kasuwar da yake ciniki, ana masa liƙi, masu anko sun jeru a gabansa. Manyan matan da ke sayar da leshi da atamfa a Balogun suna cikin waɗanda mawaƙan juju irin su Ebenezer Obey da Sunny Ade suka fi wasawa, don su ke da kuɗin liƙi, su kuma waƙar talla ce a gare su. Mai yadi na ciyar da mai ganga, mai ganga na tallata mai yadi. Abin da Zlatan ya yi kawai shi ne ya haɗa sana'o'in biyu a aljihu ɗaya.

A nan zan ɗan dakata a kan kiɗan kansa, don akwai abin da yaranmu ba su sani ba. Wannan kiɗan titi da suke ji a waya jikan fuji ne, ko a salon rera shi ana jin haka. Fuji kuwa daga azumi ya fito. A unguwannin Musulmin Yarbawa, a Isale Eko da Mushin da Badun, samari kan zaga da asuba da 'yan ganguna suna tada mutane sahur, ana kiran abin were ko ajisari, kusan yadda muke da masu tada sahur da 'yan tashe a gida. Ƙarshen Ramadan a yi gasa tsakanin unguwanni, kowace ƙungiya na kare sunan layinsu. Sikiru Ayinde Barrister, wanda aka haifa a 1948 ya rasu a Disambar 2010, cikin waɗannan yara ya tashi, shi ne ya cire kiɗan daga watan azumi ya mai da shi sana'ar shekara, ya raɗa masa fuji. Abokin hamayyarsa Kollington Ayinla maƙwabcinmu ne a Alagbado. Kafin su akwai sakara, kiɗan su Yusuf Olatunji da ya rasu a 1978, kuma abin da ke jan sakara shi ne goje. Ku cire harafi ɗaya ku sa wani, gogenmu ne, daga Arewa ya gangaro. Saboda haka duk wanda ya ce Bahaushe ba shi da hannu a kiɗan Ikko bai san tarihin kiɗan ba. Ni dai ba na sauraron yawancin waƙoƙin yaran nan, akwai batsa da yabon ƙwaya da damfara a wasunsu da ba zan so a ji a gidana ba, kuma na sha faɗa a masallaci. Amma abin mamaki ne a ce abin da aka fara don kada mutum ya makara sahur shi ne yau ke hana mutane barci har asuba.

Buga hoto da rubutu a jikin tufa shi ma tsohon abu ne. An buga atamfar samun 'yancin kai a 1960, an buga ta bikin FESTAC a farkon 1977 mai ɗauke da fuskar nan ta hauren giwa ta Benin, 'yan siyasa kuma ba su taɓa barin abin ba. Fela, da gidan rawarsa ke nan Ikeja kusa da mu, fuskarsa ta hau riguna tun yana raye, bayan rasuwarsa a 1997 kuwa abin ya zama kasuwa, musamman lokacin bikin Felabration da ake yi duk Oktoba. Zamanin Gwamna Fashola, daga 2007 zuwa 2015, taken nan na Eko o ni baje, wato Ikko ba za ta lalace ba, ya cika gari, a mota, a hula, a riga. Daga nan alfahari da gari ya zama abin sawa a jiki ba sai ranar biki ba.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin atamfar 1977 da tishat ɗin yau, kuma duk wanda ya yi harkar yadi ya san shi. Waccan a ƙasar nan ake saƙa ta. Akwai masaƙa a Ikeja tun farkon shekarun 1960, akwai Afprint a Isolo, akwai Nichemtex a Ikorodu, ga na Kaduna da suka fara tun 1957, audugar kuma daga Funtuwa da Gusau take zuwa. Riga ɗaya tana ciyar da manomi a Katsina da ma'aikaci a Ikeja da ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Yawancin masaƙun nan sun mutu, babbar ta Kaduna, UNTL, ta rufe a 2007. Yanzu rigar da aka rubuta wa Eko, galibi farar rigar daga waje take zuwa, ko sabuwa daga Sin ko a tsinto mai kyau cikin dilar gwanjo a Katangowa, a kai Shomolu ko Mushin a buga mata rubutu, a ɗauki hoto a sa a Instagram. In mawaƙi ya sa ta a bidiyo, farashi ya ninka sau da yawa. Kafin sati biyu jabunta ya fito a kan tebura a bakin tasha. Auduga ba tamu ba, saƙa ba tamu ba, abin da ake saya da tsada rubutun ne kawai. Namu 'yan kasuwar suna ina a wannan layi? Muna can ƙasa, wajen dila da farar riga da jabu, inda ribar take naira kaɗan a kan kowace guda.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, ai garinsu ne, su yi ta alfahari da shi. Wannan maganar ita ce ta fi damuna. Akwai gidaje a Zango da suka binne kakanni uku a ƙasar nan. Yaron da aka haifa a Agege, ya yi Islamiyya a Agege, Yarbancinsa ya fi na wasu Yarbawan, in ya je Kano a ce masa ɗan Legas, in ya nemi takardar asali a nan a ce ya koma jiharsu. Mun ga abin da ya faru a Ketu a 1999 da Idi-Araba a 2002, mun kuma ji irin maganganun da aka yi lokacin zaɓen 2023 a kan waye ɗan gari waye baƙo. Ba na ja da cewa ƙasa ta Awori ce, sarautarsu ce, kuma kakanninmu da izininsu suka zauna. Amma sunan da ake bugawa a riga ba sunan sarauta ba ne, sunan kasuwa ne da titi da tasha, kuma wannan Agegen tare aka gina ta. Don haka idan na ga ɗanmu da rigar, ba na ce masa ya cire, sai dai in akwai hoton da bai dace a shiga masallaci da shi ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna da hannun da wasu ke nema. Aikin wuyan agbada da manyan Yarbawa ke taƙama da shi, irin su aska takwas, zane ne da Hausawa da Nufawa da Yarbawa suka yi tarayya a kansa tun kafin zuwan Turawa, kuma har gobe yaranmu ne ke zaune a shaguna suna surfani da ɗinkin hula, a biya su kuɗin aiki, wani ya liƙa sunansa a wuyan rigar ya sayar a Lekki. Ba ɗinki ya gagare mu ba. Ba mu saba sa suna a kan kaya ba ne, mun gaji kasuwar da fuskar mutum ita ce shaidarsa, kuma hakan ya yi aiki lokacin da mai saye ke zuwa masaukinka ya kwana. Mai sayen yau a waya yake ganin kaya, bai san fuskar kowa ba, tambarin da ke jikin riga kawai ya sani.

Na duba rigunan Agege da ake sayarwa daga Pen Cinema har Katangowa. Akwai mai danfo, akwai mai burodi, akwai mai ƙafar mai rawa, har da mai sabuwar gadar sama da aka buɗe a 2021. Ban ga mai goro ba, ban ga mai tsohuwar tashar jirgi ba, kuma ban ga wadda aka rubuta sunan da ajami ba, alhali da ajami masu masauki suka riƙa rubuta shi a wasiƙun da ke bin huhu zuwa Arewa.