Daga Manibel zuwa Maɓalli: Tarihin Hannu da Ƙafar Direba a Ƙasar Tasawa

Duk wanda ya koyi tuƙi a tashar Tasawa ko ta Mayahi ya san abu uku maigida ke fara horarwa a jikin aparanti: kunne, ƙafar hagu, da kafaɗa. Kunne don ya ji kukan injin ya san lokacin sauya giya. Ƙafar hagu don kuloci. Kafaɗa kuwa don turi, ran da batir ya ƙi. Shekara kusan ɗari ke nan ana gadon wannan ilimi hannu da hannu. To yanzu ga wata mota ta fara shigowa kasuwannin Maraɗi da Yamai da Kano, mai haɗin fetur da lantarki, wadda masu faransanci ke ce ma ibirid. Ita ba ta da kuloci, ba ta tashi da turi, kuma sau da yawa ba ta ma yin kuka. Abin da muke so mu bi a nan shi ne yadda aka zo wurin, da abin da ya kamata direban ƙasarmu ya ajiye da wanda zai ɗauka.

Kafin ƙafa huɗu ta roba

Tasawa tsohon zango ne. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso garin tare da ayarin gishiri na Abzinawa, daga nan ya bi ta Gazawa ya nufi Katsina. A wancan zamani abin tuƙi akala ce, birki kuwa muryar mai raƙumi. Madugu shi ne ya san rijiya, ya san inda ƴan fashi ke kwanto.

A ƙarshen 1924 wani ayari na daban ya ratsa ƙasar. Kamfanin Citroën na Faransa ya turo motoci 8, masu taya a gaba da ɗamarar roba a baya kamar ta tankar yaƙi. Sun tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ran 28 ga Oktoba, a ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka gangaro Yamai, suka bi ta Tasawa zamanin Sarki Barmu, suka wuce Damagaram da tafkin Cadi. Ku lura da ɗamarar nan: tun ranar farko masu ƙera mota sun gane babban abokin gabarsu a ƙasarmu rairayi ne. Har gobe shi ne.

Yadda aka jera ƙafafu

Mu da muka taso muka tarar da kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama, sai mu ɗauka haka aka halicci mota. A'a. Motar Ford Model T ta 1908, wadda ta cika Amurka, abin takawa uku gare ta, amma na hagu na sauya giya ne, na tsakiya na komawa baya, na dama birki. Totur ɗinta a hannu yake, ɗan ƙarfe ne ƙarƙashin sitiyari. Tayar da ita kuma sai an zo gaba an murɗa manibel, wanda in ya dawo da ƙarfi yana iya karya hannun mutum. A 1912 ne Cadillac ta fito da abin tayar da injin na lantarki, aikin Charles Kettering. A 1916 kamfanin ya jera ƙafafu yadda muka sani yau, sannan ƙaramar motar Ingila, Austin 7 ta 1922, ta yaɗa tsarin. Giya mai sauya kanta, otomatik, ta shigo kasuwa a 1939 cikin Oldsmobile. Kun ga ke nan, abin da muke ɗauka gado ne na dindindin, shi ma sabo ne wata rana, kuma direbobin da suka fara gamuwa da shi sai da suka sake koyo.

Gyaɗa ta kawo kamiyo

Abin da ya cika hanyoyinmu da mota gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai buhunan gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Damagaram suka samu mafita zuwa teku. Da farko raƙuma da jakuna ke kai su, daga baya kamiyo ya karɓe. Bayan ƴancin kai an kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa. Zamanin Berliet ke nan da Land Rover da Peugeot 404 bashe, wadda ran kasuwa za ka ga an loda mata mutane da awaki da buhun hatsi har gindinta na shafar ƙasa. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, 504 ta zama sarauniyar hanya, kafin Hiace ta zo ta gaje tasha.

A cikin waɗannan shekaru ne direban ƙasarmu ya tara dabarunsa. In rairayi ya yi yawa, a rage iskar taya, a sa giya ta biyu, kada a ɗaga ƙafa. In ta kafe, a yi gaba a yi baya har ta fita. In batir ya mutu, fasinja su sauko, a tura, a saki kuloci, ta kama. In an samu ƴar gangara, a cire giya a bar ta ta sulale don a rage shan mai. Duk waɗannan hikima ce ta gaske, ta ciyar da gidaje. Amma ku riƙe biyu na ƙarshe, za mu dawo kansu.

Ina ibirid ta fito?

Tunanin ya girmi 404 nesa ba kusa ba. Tun 1900 da 1901 Ferdinand Porsche, yana aiki da kamfanin Lohner a Biyana ta Ostiriya, ya ƙera mota wadda injin fetur ke ba da wuta, wutar kuma ke juya taya. Nauyi da tsada suka kashe ta, ga fetur yana araha. Sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973 aka sake waiwayar zancen. A Disamban 1997 Toyota ta fara sayar da Prius a Japan, Honda ta biyo da Insight a 1999, a 2000 kuma Prius ta fita kasuwannin duniya. Samfurinta na biyu, na 2003, shi ya zo da maɓallin tayarwa da ɗan ƙaramin sandan giya mai komawa mazauninsa da kansa. Abin dariya, har akwai mai sunan garinmu: Hyundai Kona, wadda ibirid ɗinta ta fito a 2019. Kada mutanen Kona su yi saurin yanka rago, sunan wani yanki ne na tsibirin Hawai aka ba ta.

Mi ya sa zancen ya shafe mu? Mai. Shekara da shekaru yankin Maraɗi na shan fetur mai araha na ƴan ruwa-ruwa daga Najeriya. An buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a Nuwamban 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Ran 29 ga Mayu 2023 Najeriya ta cire tallafin fetur, araha ta ƙare a bakin iyaka. Tun daga nan duk mai mota ya koma lissafin lita. Motocin hannu da ke zuwa mana ta tashoshin ruwa kuwa, abin da Turai da Amurka suka hau shekaru goma baya ne, kuma ibirid na ƙaruwa a cikinsu.

Zama a kujerar direba

Bari mu ɗauki Prius, don ita ta fi yaɗuwa a duniya, kuma tsarinta ne ke cikin sauran ibirid na Toyota. Injin biyu gare ta, na fetur da na lantarki, da batir biyu: ƙarami mai bolt 12 irin na kowace mota, da babba mai kimanin bolt 200 a bayan kujerar baya. Kwamfuta ce ke zaɓar wanda zai ja.

Tayarwa: ka taka birki, ka danna maɓalli. Ba za ka ji komi ba. Abin dubawa shi ne kalmar READY da za ta kama a allon gaba. In ta kama, mota ta tashi, ko da shiru kake ji kamar maƙabarta. Wanda ya saba da kunne sai ya yi ta dannawa, ya kunna ya kashe, yana cewa ta lalace. Mafi haɗari shi ne akasin haka: ka iso gida, ka ji shiru, ka fita ka bar ta a kunne. In babban batir ya yi ƙasa injin fetur zai tashi da kansa, kuma in cikin rufaffen gareji ne kusa da ɗakin kwana, hayaƙin na iya kisa. Kafin ka fita, danna P, kashe maɓalli, ka ga READY ta ɗauke.

Ƙafar hagu: ta huta. A samfurin 2003 da na 2009, abin da ke can hagu inda kuloci yake zama, birkin ajiye mota ne, na ƙafa. Tsohon direban 504 in ya manta ya taka shi ana cikin gudu, ya ja wa kansa da fasinja.

Giya: haruffa huɗu ne a sandan, R na baya, N na sakin giya, D na gaba, sai B. P maɓalli ne daban. Harafin B na ruɗin mutane, su ɗauka batir ake nufi. Aikinsa shi ne riƙe mota da injin a gangara mai tsawo, kamar yadda direban kamiyo ke komawa ƙaramar giya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu da wuya ka buƙace shi, barin mota a kansa ƙarin shan mai ne kawai. Ga kuma dabarar nan ta cire giya a gangara: a N babban batir ba ya caji ko kaɗan. Abin da kake ganin tattali ne, a nan asara ne. Bar ta a D, ɗaga ƙafa, ita da kanta za ta kashe injin fetur.

Birki: a nan sirrin motar yake. In ka taka a hankali tun daga nesa, injin lantarki ne ke riƙe taya, ya mai da gudun ya zama wuta, ya zuba a batir. In ka taka da ƙarfi a ƙurarren lokaci, birkin gargajiya ne ke kamawa, ƙarfin ya tafi a zafi. Shi ya sa mai haƙuri ya fi mai gaggawa cin ribarta. Shi ya sa kuma ta fi nuna bajinta cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi. A doguwar kwalta, Tasawa zuwa Damagaram, injin fetur ne ke yawancin aikin, ragin bai kai na cikin gari ba. Mai saye ya san wannan kafin dillali ya cika shi da daɗin baki.

Maɓallan yanayi: ECO na sanyaya totur da rage ƙarfin na'urar sanyi. PWR na sa ta zabura, don wuce babbar mota. EV na sa ta tafi da wuta zalla, amma a hankali, kilomita ɗaya ko biyu in batir ya cika. Ba a cajin irin wannan da wutar gida, kuma ba a tafiya da ita babu fetur.

Ita da ƙasarmu

Abu huɗu ne za su gwada ta a nan. Na farko ƙura. Babban batir fanka ke sanyaya shi, kuma tana shaƙar iska ta wata ƴar taga a gefen kujerar baya. In hunturu ya cika ta da ƙura, ko fasinja ya toshe ta da ƙunshin kaya, ga zafin Afrilu da Mayu, batir zai gaji kafin lokacinsa, kuma shi ne mafi tsada a motar. Share tagar nan ya zama al'ada kamar duba ruwan lagireto.

Na biyu rairayi da ruwa. Cikinta kusa da ƙasa yake, kuma in taya ta fara juyawa a banza kwamfuta na rage ƙarfi don ta kare injin lantarki. Hanyoyin ƙauyukan Korgom da Hawandawaki da Kanambakashe ba nata ba ne, balle ƙetare Gulbin Kaba da damina.

Na uku turi da ja. In ƙaramin batir ya mutu, ko duk ƴan tasha sun taru ba za ta tashi da turi ba. Sai an ba ta wuta daga wani batir, kuma in aka juya wayoyin, jan a wurin baƙi, ana iya ƙona na'ura mai tsadar gaske. Jan ta da igiya zuwa nesa tayoyin gaba na ƙasa shi ma ɓarna ne, ɗaukar ta ake yi. Wayoyi masu launin ruwan goro kuwa na babbar wuta ne. Bakaniken da bai koyi aikinsu ba kada ya kai hannu, rai ake magana.

Na huɗu shiru. Yaro mai tallan ƙosai, makaho da ɗan jagora, tsohuwa mai ɗauke da itace, akuya, duk da kunne suke kauce ma mota. Tarayyar Turai ma sai da ta wajabta, daga 1 ga Yuli 2019, sababbin samfuran irin waɗannan motoci su riƙa fitar da ƙara in suna tafiya a hankali. Tsofaffin da ke iso mu da yawa ba su da wannan. Ran kasuwar Tasawa, ko lokacin da ƴan lakwal suka taso, nauyin ya koma kan direba: ido buɗe, ƙafa kusa da birki, ɗan oda kafin kwana da kafin komawa baya.

Jikan madugu ya ajiye akala ya kama manibel, ɗansa ya ajiye manibel ya kama makulli. Babu wanda ya rage daraja don ya sake zama ɗan koyo. Abin da muke roƙo ga shugabannin tasha da masu makarantun tuƙi da iyayen gidan gareji shi ne su fara koyar da wannan tun motocin ba su yi yawa ba, don kada a koye shi a bakin asibiti. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.