Tarihin Majigi da Hirar Kallo a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya saba zama a dandalin Birnin Kudu, ko a bakin kasuwar Gwaram, ya san ba a daɗewa ana hira sai wani ya ɗauko zancen fim. Wannan ya ce fim kaza ya yi kyau, a neme shi. Wancan ya ce shi ya gani, ɓata lokaci ne kurum. Yara suna tsammani wannan hira jiya jiya aka fara ta, alhali kuwa ta girmi iyayensu. Nufina a nan in bayyana yadda hoto mai motsi ya shigo ƙasarmu, da yadda aka yi har shawarar abin kallo ta zama magana mai nauyi, wadda ya kamata mai hankali ya auna kafin ya furta.

Da farko dai mu sani, kallon hoto ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa, nan Birnin Kudu, akwai zanen shanu a jikin dutse wanda mutanen da suka yi. Waɗansu shanun dogayen ƙahoni gare su, kuma ba su da tozo, watau ba irin waɗanda mu ke kiwo yanzu ba ne. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya zo nan cikin 1955, ya kuma rubuta labarin duwatsun nan masu amo kamar kuge in an buga su. Ashe tun zamani mai nisa a kan taru a gindin dutse, ido na kallo, kunne na sauraro. Abin da ya rage kawai shi ne hoton ya motsa.

Wannan kuwa sai a ƙarshen 1895 ya auku, sa'ad da waɗansu 'yan'uwa biyu da a ke kira Lumière suka nuna hoto mai motsi a birnin Faris, mutane suka biya kuɗi suka kalla. Dabarar ba sihiri ba ce. Hotuna ne dubbai a jere jikin wani dogon zare mai kamar gilashi, na'ura tana jan su ta gaban fitila mai ƙarfi. A fim mai magana hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa guda, ido ba ya iya rarrabe su, sai ya ga kamar mutum na tafiya. Shekara 8 bayan haka, cikin 1903, aka nuna irinsa a Ikko, a ɗakin taro na Glover.

Zamanin majigi

Mu nan karkara ba ta hanyar 'yan kasuwa abin ya iso mana ba, Gwamnati ce ta kawo. Wajen ƙarshen shekarun 1920 annoba ta addabi Ikko, irin wadda ɓeraye ke yaɗawa. Wani Baturen duba gari, William Sellers, ya ga surutu ba ya shiga kunnen jama'a, sai ya ɗauki hoton ɓera da ɓarnarsa ya riƙa nuna musu. Da ya ga abin ya ci, aka ɗora na'urar a mota ta riƙa zaga ƙasa. Cikin 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikata ta musamman don shirya wa ƙasashen da ta ke mulka finafinai, aka ba shi shugabancinta. Kalmar majigi ita kanta daga sunan wata tsohuwar fitilar Turawa aka aro ta, wadda ke haska hoto a bango. Waɗansu kuma da suka tsorata da abin suka sa masa suna dodon bango.

A lokacin Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano. Ga yadda a kan yi a garuruwan hakimai. Takarda ta kan riga motar isowa, malamin Hakimi ya karanta, a aika wa dagatai da masu unguwanni, sankira ya yi shela. Motar ta kan zo da injin wuta, da na'urar haskawa, da farin ƙyalle, da lasifika. Ma'aikatanta su fara zuwa gaisuwa wurin Hakimi, sa'an nan su kafa ƙyalle a ƙofar fada. Da duhu ya shiga sai a ta da inji. Manya a gaba bisa kujeru, sauran jama'a a ƙasa, yara ko'ina, har da bayan ƙyallen, inda su ke ganin kome a juye. Ba a biyan ko anini.

A kan fara da labarun duniya, kamar zuwan Sarauniya Elizabeth cikin 1956 da babban hawan daba da aka yi mata a Kaduna, ko bikin mulkin kai na Jihar Arewa cikin 1959. Sa'an nan a sa fim na horo, a kan tsabtar rijiya, ko lamba, ko takin gona, ko yaƙi da jahilci. Yawancinsu a kan gwada mutum biyu ne, mai wayo da wawa: mai wayo ya bi shawarar malamin gona ya sami albarka, wawa ya ƙi ya yi da na sani. Wanda ya fi zama a zukatan mutane shi ne Baban Larai, na shekarun 1950, a kan noman auduga. A ƙarshe a sa na ban dariya, irin na Charlie Chaplin, don kada jama'a su watse tun da wuri.

Babban mutum a wannan dare shi ne mai bayani, wanda ke riƙe da abin magana yana fassara da Hausa. In gwani ne, ya sa karin magana da barkwanci, fim maras daɗi ma sai ya yi armashi. In kuwa rago ne, ko fim ya kai zuma sai ya zama lami.

To, a wannan zamani ba wanda ya ke ce wa wani, je ka ga fim kaza. Ina za shi? Abin da mota ta kawo shi kowa ya gani, dare ɗaya, wuri ɗaya. Hirar sai da safe, a gindin bishiya da bakin rijiya, kuma ba ta yabo zalla ba ce. Manomi ya kan ce, wannan gonar ta majigi ai ba ta san fari ba. Wani ya ce, mai wayon nan ina ya sami kuɗin garma? Turawa sun sha ba da labari wai an nuna sauro ya cika ƙyalle, sai 'yan kallo suka ce su ba ruwansu, nasu sauron ƙanana ne. Da irin wannan labari suka kafa hujja cewa baƙar fata ba ya gane hoto sai an bi da shi sannu sannu kamar yaro. Amma labarin nan an ba da shi a kan mutanen ƙasashe dabam dabam, wannan kaɗai ya isa a yi shakkarsa. Ko da ma ya faru, wanda ya san bakin Bahaushe ya san gatse in ya ji shi.

Zamanin sinima

Shawara ba ta samu ba sai da zaɓi ya samu, zaɓi kuwa kuɗi ne suka kawo shi. Cikin 1937 aka buɗe gidan sinima na Rex a Kano, a wajen ganuwa. Kwarori ne suka fi riƙe wannan sana'a. A nan sai ka biya ka shiga, kuma fim ɗin yau dabam da na gobe. Malamai da dattawa ba su yi na'am da abin ba, don wuri ne na cuɗanya da dare, ɗan mutunci ba ya son a gan shi a ƙofar.

Ran 13 ga watan Mayu 1951 wuta ta kama gidan sinima na El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasa rayukansu. Binciken Gwamnati ya nuna daga ɗakin na'ura ta tashi, domin zaren fim na wancan zamani da ya sansani wuta ya ke kamawa. Mutane da yawa kuwa suka ɗauka ishara ce. Duk da haka, a farkon shekarun 1950 aka buɗe Palace a cikin birni kusa da Kasuwar Kurmi, aka yi ta husuma a kai. Daga baya aka mai da ginin asibiti.

Daga Birnin Kudu zuwa Kano ta Wudil wajen mil 80 ne, daga Gwaram ya ɗara haka. Saboda haka masu ganin sinima su ne direbobi, da yaran mota, da fatake, da 'yan ci rani. In sun komo su ke zama sinimar gari. Mutum guda ya zauna ya kwashe labarin fim tun daga fari har ƙarshe, yana kwaikwayon faɗa da waƙa. Mai niyyar zuwa birni ya tambaye shi wanne ya fi, domin ba ya son ya zuba guminsa a banza.

Da aka fara kawo finafinan Indiya cikin shekarun 1950, sai suka danne na kaboyi da na Larabawa. Dalili a bayyane ya ke. Dubi Mother India na 1957: mace ce manomiya, ga shanun huɗa, ga mai ba da bashi ya danne gonarta, ga yunwa, amma ta ƙi sayar da mutuncinta, har a ƙarshe ta harbe ɗanta da hannunta don ya ɗauke 'yar mutane. Wane manomi ne a ƙasar Gwaram zai ce bai san bashin da a ke ci da damina a biya da kaka ba? A cikin waɗansu kuma ga kunya tsakanin surukai, ga auren tilas, ga rawani da lulluɓi. Ba su jin harshen, amma suna jin maganar. Har suna suka raɗa wa 'yan wasan, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin.

Namu na kanmu

An buɗe gidan talabijin a Kaduna cikin 1962, wasan kwaikwayo na Hausa ya sami gida. Cikin 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim. Amma babban juyi ya zo ne da kaset. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda a ke lasaftawa shi ne na farko a kasuwar finafinan Hausa. Shekara guda bayan haka, ran 27 ga Agusta 1991, aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, amma kasuwar kallonmu ba ta daina duban Kano ba.

Kaset ya yi abin da majigi da sinima suka kasa, watau ya shiga cikin gida. Matan aure, waɗanda ba su zuwa sinima, suka zama manyan 'yan kallo, suka kuma zama manyan alƙalai. A aiki yaro shagon haya, a yi musanya ta kan katanga, a yanke wa fim hukunci a gidan suna. Fim irin Sangaya ta bakin mata ya zaga ƙasa. Cikin 1999 aka fara buga mujallar Fim, hirar dandali ta hau takarda. Cikin 2001 Gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai, saboda kukan da a ke yi a kan rawa da waƙa.

Yau kuwa abin ya koma cikin waya. Yaro ya je wurin masu turi a cika masa ita da kuɗi kaɗan, ga na Hausa masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, ga na Indiya da aka sa wa muryar Hausa. Da, fim ɗaya ne mutum dubu; yanzu fim dubu ne mutum ɗaya, shi kaɗai a ɗaki, ba Hakimi a gaba, ba mai bayani.

Abin da ya rage gare mu

Wannan ne ya sa na ce shawarar kallo ta yi nauyi. Hukuma ba ta iya leƙa kowace waya. Abin da ke sa fim ya shiga gida shi ne wani ya ce ya yi kyau. Saboda haka wanda ya yaba fim ya ɗauki amana, kamar wanda ya nuna wa baƙo masauki. Kafin ka ce wa ɗan'uwanka ya nema, tambayi kanka abu uku. Shin ka kalle shi har ƙarshe, ko ji ka yi? Za ka iya kallonsa tare da 'ya'yanka ba ka sunkuyar da kai ba? Me ya rage maka a zuci bayan an gama? In kuma za ka kushe, faɗi dalili, kamar yadda kakanninmu suka faɗi nasu a kan gonar majigi. Cewa bai yi ba kurum, ba hukunci ba ne.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanku, ku da Allah ya buɗe wa ido kuka iya karatu da rubutu. Fim ɗin Shaihu Umar ya ɓace shekaru masu yawa, har aka fid da rai. Sai cikin 2016 aka tsinci zarensa a wata tsohuwar ma'ajiya a Ikko, aka gyara shi, aka nuna a birnin Balin na Jamus cikin 2018. Zare ya kan jira a tsince shi, amma tsoho ba ya jira. Har yanzu a Birnin Kudu da Gwaram akwai dattawa maza da mata waɗanda suka zauna a ƙofar fada suka ga majigi da idonsu. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku ce, Baba, ko Iya, me aka nuna a daren nan, me kuma aka ce da gari ya waye? Ku rubuta a littafi, ku sa sunan gari da shekara gwargwadon yadda suka tuna. Waɗanda suka zana shanun Dutsen Habude sun bar mana hoto, amma ba wanda ya san abin da 'yan kallonsu suka ce, don ba mai rubutawa. Mu kam muna da alƙalami, ba mu da hanzari.

Allah ya sa mu ga alheri, mu faɗi alheri, amin.