Ƙyamar Abokin Hamayya: Wariyar da Ba a Jin Kunyarta

Tsakure

Wannan maƙala ta auna ƙiyayyar da ke tsakanin magoya bayan jam'iyyun siyasa da sauran nau'o'in wariya, irin su wariyar launin fata da ƙabilanci da bambancin addini. Ta dogara ne da binciken da aka yi a Amurka da Turai, da kuma tarihin siyasar Arewacin Nijeriya. Matsayinta shi ne, ƙyamar siyasa ta fi sauran fitowa fili domin mai yin ta ba ya jin kunya, amma girman ɓarnarta ya danganta da ikon da ke hannun mai ƙyamar, da kuma yadda jam'iyya ta cuɗanya da ƙabila ko addini.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1958 cibiyar Gallup ta tambayi Amurkawa ko sun amince da auratayya tsakanin farar fata da baƙar fata. Kashi 4 cikin ɗari kacal ne suka ce sun amince. Da aka sake tambayar a 2021, masu amincewa sun kai kashi 94. Sai dai a daidai lokacin da wannan shinge yake rushewa, wani yana tasowa. A 1960, kimanin kashi 5 cikin ɗari na magoya bayan manyan jam'iyyun ƙasar biyu ne suka ce ransu zai ɓaci idan ɗansu ko 'yarsu suka yi aure a wata jam'iyya. Zuwa 2010, adadin ya kai kashi 49 a cikin 'yan Republican, kashi 33 a cikin 'yan Democrat.

Irin waɗannan alƙaluma ne suka sa wasu masana suka soma cewa ƙyamar siyasa ta zarce wariyar launin fata a Amurka. Magana ce mai nauyi. Akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma inda za ta iya ɓatar da mai karatu idan ya haɗiye ta ba tauna.

2.0 Abin da Bincike ya Nuna

Aikin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Shanto Iyengar da Sean Westwood, wanda aka wallafa a 2015. Sun ba mutane takardun ɗalibai biyu masu kammala sakandare, suka ce a zaɓi wanda ya cancanci tallafin karatu. A jikin takardun an nuna ɗaya shugaban ƙungiyar matasan Democrat ne, ɗayan kuma na Republican. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu jam'iyya sun zaɓi nasu, kuma ko da ɗalibin ɗaya ɓangaren ya fi maki, yawanci nasun suka ɗauka. Da aka cire alamar jam'iyya aka sa ta launin fata, son kan bai kai haka ba. Hasali ma fararen fatar da aka gwada sun ɗan fi karkata ga ɗalibi baƙar fata.

A wani binciken da aka wallafa a 2018, Westwood da abokan aikinsa sun faɗaɗa gwajin zuwa Birtaniya da Beljiyam da Sifaniya. Sun yi amfani da wani wasan amana: a ba mutum kuɗi, ya damƙa wa baƙo abin da ya ga dama, a ninka abin da ya bayar sau uku, sannan baƙon ya mayar masa da abin da ransa ya so. Beljiyam ƙasa ce da harshe ya raba gida biyu, yankin Basque na Sifaniya kuma ya yi shekaru yana fama da rikicin 'yan aware. Duk da haka, a waɗannan wurare ma bambancin jam'iyya ya fi na harshe da asali rage amana.

Wannan ƙyama ba ta tsaya a saɓanin ra'ayi ba, ta kai ga shakkar mutuncin abokin hamayya. Cibiyar Pew ta gano a 2022 cewa kashi 72 na 'yan Republican suna ganin 'yan Democrat sun fi sauran Amurkawa rashin ɗa'a, kashi 63 na 'yan Democrat kuma haka suke kallon 'yan Republican. A 2016 alƙaluman ba su wuce kashi 47 da 35 ba. Sannan tana tafiya da jahiltar wanda ake ƙi, kamar kowace wariya. Douglas Ahler da Gaurav Sood sun nuna a 2018 cewa Amurkawa suna zaton kashi 38 na 'yan Republican suna samun sama da dala 250,000 a shekara, alhali kashi 2 ne kawai suke samun haka. Wanda mutum yake ƙi sau da yawa hoto ne da ya zana a zuciyarsa, ba maƙwabcin da yake gaisawa da shi kullum ba.

3.0 Matsayin Kunya

Tushen duk waɗannan wariya ɗaya ne. Tun a farkon shekarun 1970 Henri Tajfel ya raba 'yan makaranta a Bristol gida biyu bisa dalili maras tushe, wato wane mai zane suka fi so, nan take kowa ya fara fifita 'yan rukuninsa wajen rabo. Ɗan Adam ba ya buƙatar dogon dalili kafin ya ce "mu" da "su". Abin da ya bambanta wata wariya da wata shi ne abin da al'umma take yi idan ta ga an nuna ta.

A Amurka, wariyar launin fata ta zama abin kunya bayan doguwar gwagwarmaya. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launi ko addini ko jinsi ko asalin ƙasa, amma ba ta ambaci jam'iyya ba. Wanda ya furta kalaman wariyar launi zai iya rasa aikinsa da mutuncinsa. Wanda ya zagi 'yan wata jam'iyya baki ɗaya kuwa, tafi 'yan'uwansa za su yi masa, kafafen yaɗa labarai su gayyace shi hira, ɗan takara ya jawo shi jiki. Saboda haka sakamakon gwajin tallafin karatu yana iya nuna abu biyu a lokaci guda: ƙyamar siyasa tana da ƙarfi, kuma mutane sun koyi ɓoye ta launin fata idan sun san ana kallonsu. Mai ƙyamar siyasa ba ya ɓoyewa, domin a ganinsa ba laifi yake yi ba, kishin gaskiya yake yi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

4.0 Inda Kwatancen Yake da Iyaka

A nan ne ya kamata a yi hattara. Zafin ƙiyayya a ɗakin gwaji daban, ɓarnar da take yi a rayuwa daban. A binciken da suka wallafa a 2004, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki iri ɗaya ga masu ɗaukar ma'aikata a Boston da Chicago, sunaye kawai suka bambanta. Masu sunayen da aka fi sani da fararen fata sun sami kira da ya fi na sauran da kashi 50 cikin ɗari. Masu ɗaukar aikin ba su san ana gwada su ba, shi ya sa abin da ke ɓoye ya bayyana. Haka nan ƙididdigar babban bankin Amurka ta 2022 ta nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai kimanin dala 285,000, ta baƙar fata kuwa ba ta cika dala 45,000 ba. Wannan rata gadon bauta ce da dokokin wariya, kuma babu irinta tsakanin 'yan Democrat da 'yan Republican a matsayinsu na 'yan jam'iyya. Mutum yana iya ɓoye jam'iyyarsa ko ya sauya sheƙa, mulki ma yana juyawa daga hannu zuwa hannu. Launin fata ba ya ɓoyuwa, ba ya sauyuwa.

Ko tambayar aure ma an yi mata gyara. Samara Klar da abokan aikinta sun nuna a 2018 cewa idan aka faɗa wa mutane surukin ba mai yawan zancen siyasa ba ne, ƙyamar tana raguwa sosai. Ke nan wani kaso na abin da ake kira ƙiyayya gajiya ce da gardama.

Iyaka mafi muhimmanci ita ce, jam'iyya ba ta zama ita kaɗai. Lilliana Mason ta yi bayanin yadda launi da addini da mazauni suka jeru bayan jam'iyyun Amurka. Kimanin tara cikin goma na masu zaɓe baƙaƙen fata Democrat suka zaɓa, kimanin takwas cikin goma na fararen fata Kiristoci 'yan bishara kuma Donald Trump suka zaɓa a 2016. Idan haka ne, wanda ya ce jam'iyya kawai yake ƙi, wataƙila tsohuwar wariya ce ta ari rigar siyasa domin ta fita kasuwa ba tare da an nuna ta da yatsa ba.

5.0 Darasi daga Arewa

Tarihinmu yana da abin da zai ƙara wa wannan muhawara, domin ya nuna fuskokin biyu a sarari. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, NPC kuma ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Mafi yawan magoya bayansu a ƙasar Hausa harshe ɗaya suke yi, alƙibla ɗaya suke fuskanta, kasuwa ɗaya suke ci. Duk da haka an daki 'yan NEPU, an gurfanar da su gaban alƙalan En'e, an ɗaure su, an yi musu bulala. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama. Abin da ya mayar da hamayya zalunci a wancan zamani shi ne 'yan doka da kotu da gidan yari duk suna hannun ɓangare ɗaya. A Nijar ma haka aka yi: an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, 'ya'yanta suka sha ɗauri da gudun hijira. Waɗannan misalai sun tabbatar da cewa ƙyamar siyasa tsurarta, ba ƙabila ba addini, tana iya cutarwa matuƙa idan ta sami iko. Rabuwar jam'iyyar PRP zuwa ɓangarorin Santsi da Taɓo a jamhuriya ta biyu kuma ta nuna cewa ko 'yan gida ɗaya ba su tsira ba.

Fuska ta biyu ita ce ta Afrilun 2011. Bayan zaɓen shugaban ƙasa, rikici ya ɓarke a jihohin Arewa 12, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum sama da 800 cikin kwana uku. An fara da fushin zaɓe, aka ƙare da kisan mutane saboda addininsu da ƙabilarsu, Musulmi da Kirista. Babu wanda ya tambayi waɗanda aka kashe wa suka jefa wa ƙuri'a. Suna da shiga da harshe ne suka zama katin jam'iyya.

6.0 Hujjar Masu Cewa Jam'iyya Zaɓi Ce

Akwai masu cewa kwatancen ma bai halatta ba, domin launi da ƙabila Allah ne ya ba mutum, jam'iyya kuwa shi ya zaɓa, don haka ba laifi a hukunta shi da zaɓinsa. Hujjar tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Manufofin jam'iyyu suna shafar abinci da tsaro da karatun 'ya'yan talaka, kuma wanda bai ji zafin mummunar manufa ba bai damu da jama'a ba. Suka da hamayya mai zafi haƙƙi ne, wani lokaci ma wajibi.

Amma jam'iyya ba zaɓi ce tsantsa ba. Masana siyasa sun daɗe da nuna cewa yawancin mutane gadon jam'iyya suke yi daga gida da unguwa, kamar yadda a Kano har yau ake jin mutum yana alfahari da cewa gidansu gidan NEPU ne. Sannan addini ma mutum yana iya sauyawa, amma babu mai hankalin da zai ce wannan ya halatta a hana shi aiki saboda addininsa. Tambayar da ta dace ita ce, a wane fage aka yi hukuncin? Hana ɗan takara ƙuri'a saboda jam'iyyarsa hamayya ce. Hana ɗalibi tallafi, ko manomi taki, ko mai ƙara adalci, ko ƙauye rijiya saboda akwatin da suka cika, wariya ce, kuma ba ta fi ƙabilanci tsarki ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya fahimci haka, domin sashe na 42 ya jera ra'ayin siyasa tare da ƙabila da mahaifa da jinsi da addini cikin abubuwan da ba za a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda su ba.

7.0 Kammalawa

Ƙyamar siyasa ta fi sauran wariya faɗi da rashin shakka, amma ba kullum ta fi su zurfin rauni ba. Tana zama bala'i ne idan mai ita ya riƙe kotu da baitulmali, ko idan jam'iyya ta zama wani suna na ƙabila da addini. Mu kuwa a nan, sharuɗɗan biyu duk suna kusa da mu, domin gwamnati ce babbar mai ba da aiki da kwangila, kuma taswirar zaɓe takan bi ta yanki da addini. Doka tana nan a rubuce, abin da ya rage shi ne kunya, kuma kunya koyar da ita ake yi. Alhaji Waziri Ibrahim ya yi kiran siyasa ba da gaba ba tun gabanin zaɓen 1979. Nauyin cika wannan kira yana kan limamin da zai tsawatar da mai kafirta abokin hamayya ko da jam'iyyarsu ɗaya, da gidan rediyon da zai katse sojan baka idan ya bar manufa ya koma cin mutuncin iyaye, da jami'in da zai raba taki da gurbin karatu ba tare da duba launin hular mai karɓa ba.